Ɗan da Ban Ƙirga Ba

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya rubuta mini tafiyar nan, Ya kuma dawo da ni da sauran numfashin ba da labarinta.

Abin da na fara gani a Indiya saniya ce. Motar da ta ɗauko mu daga filin jirgin Delhi ta shiga cunkoso, sai ga saniyar kwance a tsakiyar titi tana tuƙa, ba makiyayi, ba igiya, motoci suna kauce mata. Nura, ɗana mai shekara bakwai, ya ɗago kai daga cinyata ya ce, "Umma, ina mai ita?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Da a Roni ne da tuni an kai ta gidan mai unguwa an yi cigiya." Ya yi ta dariya har haƙarƙarinsa ya fara ciwo, na ce ya bari haka.

Saboda shi muka zo. Sikila gare shi. Tun yana wata takwas hannuwansa suka fara kumbura, kuma an ƙara masa jini a Kazaure har na daina ƙirgawa. Ni da babansa 'ya'yan wa da ƙani ne, ba wanda ya ce mana a yi gwaji kafin aure. Wani likita a Kano ne ya ce akwai aikin da ake yi a waje: a ɗebi ɓargon ɗan'uwansa lafiyayye, uwa ɗaya uba ɗaya, a dasa masa. Babansa ya sayar da gonar fadama da shanun huɗa, dangi suka taimaka. Shi ya zauna a gida, wansa Yaya Bala ya rako mu, tunda ma'aikaci ne, yana jin Turanci. 'Yar'uwar da muka zo da ita don ɓargon kuwa Ummi ce, ƙanwar Nura, shekararta uku.

Wanda ya tare mu wani ɗan ƙasarmu ne mazaunin can, dillalin marasa lafiya. A waya ya ce ya kama mana gida a jikin asibiti. Da muka isa sai ɗaki ɗaya da falo a hawa na huɗu, tafiyar rabin awa a keke mai ƙafa uku. Kullum goya Nura nake in hau, ƙafafunsa na bugun cinyoyina. Mutumin yana da tabon salla a goshi, bakinsa ba ya rabuwa da "Hajiya, ki kwantar da hankalinki." Bayan kwana uku wayarsa ta daina shiga. A asibiti aka nuna wa Yaya Bala takarda: gwaje-gwaje kaɗai mutumin ya biya, kuɗin ajiyar aikin da aka tura masa tun muna gida ya tafi da su. Yaya Bala ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa ganin kansa ba hula ba sai ranar. Da ya dawo hayyacinsa ya ce abin da ya rage a hannunsa zai kai aikin, in dai an yi shi da wuri. In an yi da wuri. Wannan maganar ita na riƙe.

A barandar asibitin ne Ummi ta hau kujera tana tsalle, na daka mata tsawa, "Ke Ummi, sauka, ko in saɓa miki!" Sai na ji murya a bayana: "Ikon Allah! Wannan Hausar ta gida ce." Na waiga na ga budurwa da hijabi mai ruwan toka, jaka cike da littattafai.

"Daga ina?" ta ce.

"Roni."

"Ashe masu duwatsu ne. Ni Bilkisu, 'yar Babura."

Na ce, "Au, ku ne masu cin kasuwa da sefa."

Ta ce, "Ku kuma ko akuya sai ta hau dutse take jin ta ƙoshi." Na yi dariya, sai dariyar ta koma kuka, ta riƙe ni a gaban mutane.

Karatu take yi a wata jami'a a garin, shekara ta uku, a kan ƙwayoyin halitta, wato ƙananan abubuwan da ke cikin jiki waɗanda ɗa ke gada daga iyaye. Ranakun da ba ta da aji tana zuwa ta yi wa mutanenmu tafinta. Ita ta shiga da mu wajen likita, ita ta cika mana takarda. Ta zana murabba'i ta ce babansu ne, ta zana da'ira ta ce ni ce, ta haɗa mu da layi biyu don muna da dangantaka. Sannan ta ɗago biro.

"Maman Nura, haihuwa nawa?"

Na sunkuyar da kai. Yaya Bala yana zaune a gefena. Shi ya amsa: "Biyu." Ta zana Nura, ta zana Ummi, ta wuce tambaya ta gaba.

Uku ne. Akwai na fari, shekararsa goma. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta ƙirga shi in an tambaye ta. Haka uwata ta yi wa yayana, haka na taso na gani, kuma ana yaba mace da shi. Ranar da aka yaye shi aka kai shi Gwiwa wajen Gwaggo Tani, yayar mijina, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Ita yake kira Inna. Ni Adda Rabi yake ce mini, kamar wata yayarsa. In sun zo da salla ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa ina kallon tukunya, sai ya juya baya nake ƙare masa kallo in ga ko ya rame. In dole ta kama in ambace shi sai in ce "yaron Gwiwa". Da ake shirin tafiya ba wanda ya kawo zancensa. Ɗan Gwaggo ne, ba a kyauta a dawo a ce a ba da aro. Kuma dukanmu mun ɗauka ɗan'uwa ɗan'uwa ne, jini ɗaya ne, kowanne aka kawo ya isa. Yaya Bala ba ƙarya ya yi ba. Ya faɗi abin da kowa a gidanmu zai faɗa, ni kuma na yi shirun da aka koya mini.

Aka ɗebi jinin yaran biyu, aka ce mu jira.

Jiran nan shi ya fi tafiyar tsawo. Daga tagarmu ba a ganin ƙasa, sai wayoyin lantarki da shanyar mutane. Abincinsu kuwa yaji ne mai hawa kai, Ummi ta ƙi shi ƙememe. Na zo da kuka da daddawa da garin masara, nake tuƙa tuwo a wata 'yar tukunya mai siririn gindi, kullum sai ya kama. Ranar da daddawar ta ƙare na daɗe ina shinshina ledar. Lokacin shuka ne a gida. Ina zaune sai in ji kamar ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan farko, in tuna fadamar yanzu wani ke shuka ta.

Ƙofar da ke kallon tamu wata tsohuwa ce Ba'indiya, jikanta ma ciwon jini gare shi, ana ƙara masa. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Wata rana ta ji Nura yana ihu, ta ƙwanƙwasa, ta shigo da wata jakar roba cike da ruwan zafi, ta ɗora masa a ƙafa, ta zauna tana danna masa gwiwa da tafin hannu daidai yadda nake yi. Na gane ita ma ta daɗe a wannan aikin. Da za ta fita ta bar mana jakar. Har yau tana nan.

Bilkisu tana zuwa da yamma in ta taso daga aji, ta ci tuwo tana lashe yatsa, tana cewa shekara biyu rabonta da miyar kuka. Jarrabawa na gabanta, sai ta mai da ni ɗalibarta. "Maman Nura, in kin gane, na ci. In ba ki gane ba, ni ma haddacewa kawai na yi." Ta nuna mini hoton jini a wayarta, wanda ta ɗauka ta madubin ɗakin gwajinsu. Na mai lafiya zagaye, luf-luf kamar an jera waina. Na mai sikila kuwa a lanƙwashe.

Na ce, "Wannan ai lauje ne."

Ta ce, "Shi ne ma ma'anar sikila a Turanci. Su ne ke sarƙewa a jijiya, jini ya kasa wucewa."

Nura ya leƙo ya ce, "Anti Bilki, ashe girbi ake yi a cikina." Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Ta ce a cikin kowace ƙwaya akwai dogon rubutu a naɗe, kuma a duk tsawonsa harafi ɗaya ne ya sauya a wajen Nura. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma na san allo. Na san yadda ɗigo ɗaya ke canza harafi. Na ce, "To ba a wanke shi a sake rubutawa?" Ta ce, "Abin da ya kawo ni karatun ke nan. Amma ba bana ba, Maman Nura. Ba kuma ga irinmu ba tukuna."

A mako na uku ciwon ya tashi. Sanyin na'urar asibiti ne ya buge shi ranar da muka daɗe a layi. Ya kama ƙirji, numfashi ya gagara, aka kwantar da shi kwana tara a ɗakin da ba a barin uwa ta zauna. Ta gilashi nake kallonsa. Ba zan yi lissafi ba, amma kullum Yaya Bala ya dawo daga tagar biya sai in ga ya ƙara tsufa.

Ranar da aka sallame mu sakamakon ya fito. Likitan ya yi magana a hankali, Bilkisu ta juyo, ta kasa kallona. "Na Ummi bai dace ba."

Yaya Bala ya ce, "Kamar yaya bai dace ba? Uwa ɗaya, uba ɗaya, nono ɗaya! Yarinya, faɗa masa ya sake dubawa."

"Baba, sun duba sau biyu."

Washegari Juma'a. Yaya Bala ya tafi masallaci, Bilkisu ta zo ta same ni zaune a ƙasa ina tsince wake ba tare da na san abin da nake tsincewa ba. Na ce, "Bilkisu, yau ni nake tambaya. Yaya za a yi jini ya ƙi jininsa?"

Ta jawo tiren. Ta ɗauki ƙwayar wake ɗaya da ta gyaɗa ɗaya ta ajiye gefe. "Wannan biyun na babansu ne." Ta buɗe ƙullin kayan yajina ta ɗauko kanumfari da masoro. "Wannan biyun naki. Kowane ɗa zai ɗauki ɗaya a wajenki, ɗaya a wajensa, ba shi ke zaɓa ba. Nura ya ɗauki wake da kanumfari. Ummi ta ɗauki gyaɗa da masoro. Sai wanda ya ɗauki irin na Nura sak jikinsa zai karɓa."

Na jujjuya su da yatsa. Wake da masoro. Gyaɗa da kanumfari. Hanya huɗu ce, ba ɗaya ba.

Ta ce, "Shi ya sa ake gwada duk 'yan'uwa tun farko, kafin ma a taso. Ba sai an zo da su ba, ana ɗiban jinin a Kano a aiko. Dillalin nan bai gaya muku ba don yana son ku taso." Ta fito da takardar da ta zana mu, ta shimfiɗa a kan tabarma. "Da a ce akwai wani..."

Na dubi zanen. Ga Nura, ga Ummi. A hagun Nura akwai farin wuri, faɗin ɗan yatsa. Sai na ɗora yatsana a wurin na bar shi.

Ta dubi yatsan, ta dube ni. "Maman Nura. Ɗan fari?"

Na gyaɗa kai.

"Yana raye? Lafiyarsa ƙalau? Babansu ɗaya?"

Na gyaɗa kai sau uku.

Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Na ɗauka faɗa za ta yi mini. Sai ta dafe kanta. "Ni ma 'yar fari ce. Har yau uwata 'ke yarinya' take ce mini. Ranar da zan taho nan ɗaki ta shige ta ƙi fitowa. Na san wannan tun kafin in san biro. Amma na tambaye ki a gaban wan mijinki, yadda aka rubuta a littafi. Da na ja ki gefe."

Na ce, "Da ni na buɗe baki."

Mako biyar ke nan da zuwanmu.

Da Yaya Bala ya dawo muka gaya masa, ya ce shi ba zai iya tunkarar yayarsa da wannan magana ba. Ya miƙo mini wayar. Muka gaisa da Gwaggo, na tambayi gida, na tambayi ruwa, na tambayi awaki, sai da gaisuwa ta ƙare mini tas.

"Gwaggo, wata alfarma ce. Yaronki... likita ya ce ko za a ɗan ɗebi jininsa a Kano a gwada."

"A gwada a yi me?"

"In ya dace da na Nura, sai a ɗebi ɓargo kaɗan."

Na ji ta ajiye wani abu, kamar kwano. "Rabi, ɓargo kika ce? Ina aka taɓa ganin ɗan da aka tsotse wa ɓargo ya miƙe? Shekara takwas ko zazzaɓi ya yi ban taɓa ganin ƙafarki a Gwiwa ba. Yau da kike nemansa yanka shi za a yi?"

"Gwaggo, kunya ce ta hana ni, ke ma kin sani."

"To ki ci gaba da kunyar. Ke Allah Ya ba ki uku. Ni shi kaɗai ne." Ta kashe.

Ban ga laifinta ba, wallahi, har yanzu ban gani ba. Bilkisu ta yi mata saƙon murya ta ce ba yanka ba ne, allura ce a ƙugu, ɓargon kuma yana dawowa kamar ganyen zogale in an tsinka. Gwaggo ta ce 'yar boko ba za ta koya mata ɗa ba. Sai da babansu Nura ya yi sawu uku a babur zuwa Gwiwa, na ƙarshe da limamin unguwarsu, sannan ta yarda, da sharaɗin ita za ta kai shi Kano da kanta. Kwana goma sha biyu suka tafi a haka.

Aka ɗebi jinin aka aiko. Amma kafin a gama gwaji hutun Yaya Bala ya ƙare, masauki da jinyar Nura sun cinye abin aikin. Wata safiya ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba. "Rabi, ko ya dace yanzu, ba abin da za a yi aikin da shi. Mu tafi tun muna da na komawa."

Na naɗe tabarma. Tsohuwar maƙwabciyarmu ta shafa kan Nura ta yi maganarta, na yi mata tawa addu'ar. Bilkisu ta rako mu har filin jirgi, ta ba ni takardar zanen. Ta ƙara murabba'i a hagun Nura, amma ba suna a ƙasansa. Ta ce, "Na bar miki wurin."

Kwanammu goma a Roni saƙonta ya shigo wayar babansu. Ina tankaɗe a tsakar gida ya kunna mini. "Maman Nura, sakamako ya fito. Ya dace. Goma bisa goma. Wake da kanumfari ne." Ana jin ƙarar motocin can a bayan muryarta. "Ki yafe mini." Saƙon ya ƙare.

Babansu ya zauna a kan turmi. Gona ɗaya gare mu, an riga an sayar. Shanun ma haka. Maganin ɗana yana Gwiwa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a babur ba, ni kuwa na tsallake shi na haye teku.

Ranar Lahadi da hantsi na ji sallama. Gwaggo ce, yaron na bayanta. Ya ƙara tsawo. Nura na kwance a ɗaki, ƙafafun sun sake tashi, jakar ruwan zafin tsohuwar nan a kansu. Gwaggo ba ta zauna ba. Ta ce, "Ga shi nan. Tun da ya ji labari ya hana ni sakat."

Ya durƙusa kamar kullum. Na juya ina kallon tukunya kamar kullum. Sai na ji ya ce, "Adda Rabi." Na waiga. Ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, ya miƙo mini damtsen, ga ɗan tabon allurar Kano.

"An ce nawa ne irin nasa. A ɗiba. Ba na jin tsoro."

Na rasa ta inda zan fara gaya masa cewa ba a nan ake ɗiba ba, kuma hanyar can ta rufe. Gwaggo na tsaye, babansu na tsaye, maƙwabta biyu sun leƙo ta katanga. Na kama damtsen da hannu biyu. Rabona da taɓa shi tun ranar yaye.

Na ce, "Sauke rigarka, Abubakar."

Daga cikin ɗaki Nura ya ce, "Umma, wa kike kira?"